Golmon Ɗakin Duhu

Lambuna yana bakin rafi, ƙasan unguwarmu, daidai inda dutse ya ƙare ƙasa ta fara laushi. Ba shi da girma. Fangali arba'in ne da 'yan kai idan an gyara shi duka, da rijiya ɗaya, da gwanda uku a gefen shinge. Da rani muke cin moriyarsa: albasa, tumatir, alayyahu, da latas saboda matan barikin soja. Wanda bai taɓa noman rani ba yana zaton shuka ce aikin. Ruwa ne aikin. Safe da yamma, kowace rana, har Lahadi bayan an tashi daga coci. Ka tsallake yamma biyu a watan zafi, latas ya kwanta, kuma ba ya sake tashi.

Na fara da wannan ne don a gane nauyin da na ɗora wa babbar 'yata. Shekara huɗu na yi ina bin aikin wanke hoto a wani asibiti, kuma a uku daga cikinsu, yammacin da ya kamata ta yi a gaban malamai ta yi shi tana jan guga.

Rijiyar ce ta kai ni asibitin. Wata safiya bakinta ya zabtare da ni, na faɗa ciki a kan hannun dama. Matata ta ce a kai ni wurin mai ɗori, wani maƙwabcinmu tsohon soja ya ce a fara yin hoto. Ya goya ni a babur zuwa asibitin wani likita mai zaman kansa a cikin gari. Mai ɗaukar hoton wani dattijo ne Bakabe, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya shimfiɗa hannuna a kan wani faranti, ya ce kada in motsa, ya ɓuya bayan bango, injin ya yi ƙara sau ɗaya. Sai ya shige wani ɗan ɗaki ya rufe ƙofa. Da ya fito yana riƙe da baƙin fim yana ɗigar ruwa, ya ɗaga shi a taga.

Ƙashina ne na gani. Yatsu biyar, da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu a jere kamar tsakuwar rafi, da tsagar a fili. Na yi shekara arba'in da huɗu ina aiki da hannun nan ban san haka cikinsa yake ba. Na manta da ciwon. Na ce, "Malam, yaya aka yi ya fito?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai aka kawo da karaya, ko karayar anka kawo da kai? Tahi wurin likita tukuna."

Da hannun ya warke sai na kai masa latas da albasa don godiya. Likitan ya gan ni, ya tambayi ko zan iya gyara masa shingen furanni in dasa itatuwan inuwa a harabar. Na karɓa. Aikin awa ɗaya ne da safe, amma idan na gama sai in je in tsaya a ƙofar ɗakin hoto. Dattijo gwiwoyinsa sun gaji, tankunan wanke hoto kuwa suna son ruwa kullum. Na fara da ɗebo masa ruwa. Daga nan share ɗaki, daga nan ɗaga marasa lafiya a kan teburi. Wata rana ya ce in shigo in rufe ƙofa.

Ɗakin duhun bai fi rumbu faɗi ba. Babu taga, sai jar fitila ɗaya mai rauni, da wari mai tsami da ke kama maƙogwaro. Tanki huɗu ne a jere. Na farko shi ke fito da hoton, na biyu ruwa ne zalla na ɗauraya, na uku shi ke tsayar da hoton don kada haske ya cinye shi, na huɗu wankin ƙarshe. A cikin duhu za ka buɗe farantin, ka zaro fim ɗin da gefen yatsu, ka maƙala shi a ƙarfen rataya, ka tsoma. Idan ya daɗe a tankin farko ya ƙone, idan ka yi gaggawa ya fito fari fat, sai a sake kwantar da mai ciwo a ƙarƙashin injin. Dattijo yana da agogo. Ni ban iya duba agogo ba a lokacin, sai na auna da wata waƙar noma ta yarenmu da nake yi a zuci: da sanyi sau uku, da zafi sau biyu. Idan zafi ya tsananta ruwan maganin yakan yi saurin cin fim, sai in sayo ƙanƙara in jera a jikin tankin. Da bayan yatsa nake gane ko ya yi daidai, kamar yadda nake gane ƙasar da ta sha ruwa.

Ranar da na wanke hoton ƙirjin wata mata ni kaɗai, Dattijo ya ɗaga shi a haske ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mai lambu, hannunka ya hi nawa. Da ka iya rubutu, da kai ka gaje ni wanga ɗaki."

Shi ya faɗa ya wuce. Ni na ɗauki maganar na kai gida.

A nan dole in yi bayanin golmo, don wanda ba ɗan ƙasarmu ba ba zai gane wautata ba. A wurinmu, ƙabilar Lelna, a zamanin samartakata, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Shekara bakwai yake noma wa uban yarinya, shi da abokansa, daga sharar gona har kai amfani rumbu. Ba a biyansa. Kuma babban abin kunya shi ne ya buɗe baki ya tambayi surukinsa, "Yaushe za a ba ni?" Wanda ya tambaya ya nuna shi rago ne, ko bai yarda da mutanen gidan ba. Kai dai ka zo da garmarka kafin kowa, ka tafi bayan kowa. Uban yana gani. Idan lokaci ya cika shi zai kira ka. Haka na auri matata, kuma haka na san ana samun duk abin da yake da daraja. Da Dattijo ya yi wannan magana, a kunnena an nuna mini yarinya ke nan, an kuma nuna mini gona.

Na shiga makarantar yaƙi da jahilci da ake yi a firamaren unguwarmu, Litinin zuwa Alhamis, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Lokacin ban ruwa ke nan daidai. Na safe ni nake yi tun da asuba kafin in tafi asibiti. Matata tana kasuwa da kayan lambu har yamma, ƙananan yaranmu biyu kuwa ba su kai ɗaga bokiti ba. Saura babbar. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiranta. A shekarar ta shiga babbar sakandare, an sa ta ajin kimiyya, kuma 'yan ajin kimiyya ba sa tashi tare da kowa. Suna zama har yamma a ɗakin gwaje-gwaje.

Na kira ta a bakin rijiya na ce, "Uwata, shekara biyu kawai za ki riƙe mini yamma. Idan na sami aikin nan, ke da guga har abada."

Ta ce, "To, Baba." Ta ɗauki guga. Yarinya ce da ba ta musu, kuma na yi amfani da wannan.

Matata ce ta yi magana, wata rana tana tsinke alayyahu a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, ni ka yi wa golmo aka ba ka ni. To can wa za a ba ka? Tsohon yana da 'ya ne?"

Na ce, "Aiki za a ba ni."

"Shi ya ce?"

"Ya nuna."

"Ya nuna! Likitan fa, mai asibitin, shi ma ya nuna? Ka je ka tambaye su mana, baki gare ka."

Na ce ba a tambaya. Ta dube ni ta ce, "Ubana ya san golmo, shi ya sa bai cuce ka ba. Bakabe ina ya san golmo? Shi kifi ya sani." Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi. Ban je na tambaya ba.

Karatu bai zo mini da sauƙi ba. Shekara biyun da na yi wa Uwata alkawari suka zama uku, don na faɗi jarrabawar farko. Amma a asibiti hannuna sai ƙara kyau yake. A shekarun nan ana yawan kawo mutane daga ƙauyukan Danko da Wasagu, a kan babur, mutum uku a kai, na tsakiyan a sume. Na ga harsashi a cinya fari tas kamar ƙwayar gyaɗa. Na ga haƙarƙarin manomi da saniya ta taka. Na koyi yadda ake juya mai karaya ba tare da ya yi ihu ba, da yadda ake lallashin tsohuwa ta riƙe numfashi, da yarenmu, abin da Dattijo bai iya ba. Idan aka yi irin wannan rana ba na komawa gida, daga asibiti sai aji. Har ban ruwan Juma'a da Asabar ya koma hannun Uwata ban lura da ranar da ya koma ba.

A shekararta ta biyu malaminta na kimiyya ya zo har lambu. Wata Asabar ce, na samu ina nan. Saurayi ne gajere mai saurin magana. Ya jingine babur, ya tsallake fangali yana kaffa-kaffa da takalminsa.

Ya ce, "Baba, ku ne mahaifinta? Yarinyar nan tana cikin uku na farko a ajina lokacin da ta zo. Yanzu ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ko sau ɗaya. Jarrabawar nan da hannu ake yin rabinta."

Na ce, "Ticha, ai tana karatu a gida."

"A gida akwai ɗakin gwaji? Ko a rijiyar nan za ta auna?"

Uwata tana tsaye da bokiti biyu, ruwa yana zuba a ƙafarta. Na ce masa ya yi haƙuri, saura kaɗan, akwai abin da nake jira. Ya tambaye ni mene ne. Na faɗa masa. Ya ce, "Sun ba ku a rubuce?" Na ce mutanen kirki ne. Na cika masa leda da tumatir, ya ƙi karɓa, ya hau babur ɗinsa. Na ji haushinsa kwana biyu. Na ce a raina yaron zamani ne, bai san haƙuri ba.

Akwai abin da na gani sau da yawa na kawar da kai. Takan zo lambu da littafi, ta buɗe shi a kan dutsen bakin rijiya, ta danne da tsakuwa. Ta ja guga, ta leƙa layi ɗaya, ta tafi ta zuba, ta dawo ta leƙa. Shafukan duk sun kumbura da ruwa. Daga baya ta daina zuwa da shi. Na ɗauka ta haddace ne.

Ta zauna jarrabawar gama sakandare a shekarata ta huɗu a ɗakin duhu. Da sakamako ya fito ta miƙa mini takardar, don a lokacin na fara iya karatu. Ta ci Hausa da addini da aikin gona. Lissafi da darussan kimiyya uku duk ta faɗi. Matata ta shiga ɗaki ta bar mu. Na ce, "Uwata, kada ki damu. Ina samun aikin nan zan mayar da ke ki sake." Ta ce, "To, Baba," ta ɗauki bokiti.

Bayan wata biyar na karɓi takardar shaidar gama yaƙi da jahilci. Na sa ta a leda, na sa rigar coci, na tafi asibiti. Ko a ranar ban yi niyyar tambaya ba. Niyyata in ajiye ta a kan teburin Dattijo kawai, ya gani da idonsa.

Na tarar da mota a ƙofar ɗakin hoto, ana sauke akwatuna. Wasu samari suna jan waya a bango. Dattijo yana zaune a benci a waje, hularsa a gwiwa. Na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya gyara tabarau ya karanta, ya ce, "Madalla! Kai, mai lambu, ka yi ƙoƙari. Mi za ka yi da ita?"

Na ce, "Ɗakin, Malam."

"Wane ɗaki?"

"Kun ce da na iya rubutu, da ni na gaje ku."

Ya daɗe yana dubana. Na ga yana lalube a cikin kansa, yana neman ranar da ya faɗi haka, bai same ta ba. Sai ya nuna akwatunan da haɓa. Ya ce sabon inji ne, ba ya amfani da fim. Ana ɗauka hoton ya fito a fuskar kwamfuta nan take, babu tanki, babu ruwan magani, babu duhu. Shi kansa ƙarshen wata zai koma garinsu. An ɗauko wata yarinya daga jami'a.

Na ce, "Tun yaushe kuka sani?"

"Shekara biyu ke nan likita na maganar. Kowa ya sani, har masu shara." Ya sa hannu a kafaɗata. "Subhanallahi. Wai don wanga aiki kaka zuwa kullum? Ni na ɗauka sha'awa ce. Don mi ba ka tambaye ni ba?"

Na ce, "Ai ba a tambaya."

"Wa ya hana?"

Na karɓi takardata na mayar a leda. Da wane baki zan fara yi wa dattijo bayanin golmo a kan benci, samari suna wucewa da akwatuna? Bai cuce ni ba. Likita ma bai cuce ni ba, bai taɓa sanin ina jiran komai ba. Duk shekara idan Kirsimeti ta zo yana ba ni shinkafa da yadi, yana cewa ina da kirki. Ni kaɗai na ƙulla auren, ni kaɗai na yi noman.

Ni aka sa na kwashe tankunan. Na zubar da ruwan maganin a ramin bayan asibiti, na wanke su, na jera a rana. Aka fasa bangon ɗakin duhun aka yi masa taga, aka sa teburi da kujera mai juyawa.

Na ci gaba da zuwa gyaran furanni, don ban san yadda ake dainawa ba. Sabuwar mai hoton yarinya ce mai fara'a, ba ta girmi Uwata da fiye da shekara bakwai ba. Takan kira ni idan an kawo tsohuwar da ba ta jin Hausa. Wata rana babu kowa, na tsaya a bakin ƙofa, na yi abin da ban yi ba shekara huɗu. Na ce, "Sista, ina da tambaya. Mutum kamar ni, ta ina zai bi ya yi wannan aiki?"

Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan. Ta ba ni kujera. Ta ce aikin yana da faɗi: akwai hoton ƙashi, akwai na cikin mai juna biyu, akwai manyan injuna a birni da ake shigar da mutum ciki gaba ɗaya. Ta ce ana neman masu yinsa ko'ina, ba sa zaman banza. Sannan ta yagi takarda ta rubuta mini hanyar, ɗaya bayan ɗaya. Sakandare shekara shida. A ci Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Jarrabawar shiga jami'a. Shekara biyar a jami'a, da shekara ɗaya ta koyon aiki.

Na karanta da kaina, a hankali, tana jira. Na lissafa shekaruna a kai, na ga inda lissafin ya kai ni. Ta ga fuskata ta ce, "Baba, ku dai ya yi muku nisa, gaskiya. Amma ba ku da yaro a sakandare? Wanda yake ajin kimiyya? In akwai, ku tsaya masa. Kada ku bari ya rasa ɗakin gwaji ko na rana ɗaya, nan ne yara suke faɗuwa."

Na ce ina da 'ya.

"Ajinta nawa?"

Na ce ta gama. Na yi mata godiya na fita. A hanya na tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa na sake karanta darussan nan biyar. Huɗu daga ciki su ne waɗanda Uwata ta faɗi. Ashe aikin da nake nema yana cikin gidana tun farko, a hannun yarinyar da ke cikin uku na farko a ajinta, ni kuwa na karɓe littafin na ba ta guga.

Na nuna wa matata takardar, na karanta mata. Na yi zaton za ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Ta ci gaba da tankaɗen gari, can ta ce, "Ka gaya mata da kanka. Ni ba zan iya ba."

Na daina zuwa asibiti daga ranar. Na je na sami malamin nan gajere, na cire hula na ba shi haƙuri. Ya ce akwai darasin yamma da suke yi wa masu sake jarrabawa, ta zo, zai sa ido a kanta. Amma ya ce in sani, shekara uku ba a cike ta da wata shida. Na dawo na sami Uwata tana dashen albasa. Na tsuguna kusa da ita na faɗa mata duka, har maganar benci. Na ce laifina ne. A wurinmu uba ba ya faɗin haka ga 'yarsa, kuma na ga ya dame ta fiye da yadda ya faranta mata.

Ta ce, "In na tafi, wa zai yi ban ruwa?"

Na ce, "Ni. Safe da yamma."

"Da hannun nan naka?"

"Da shi."

Ta karɓi takardar Sista ta duba, ta ninke ta mayar mini. Ta ce, "To, Baba."

Ta fara zuwa. Na sayo mata sababbin littattafai, uwarta ta ɗinka mata jaka. Ina jan guga ina jin wuyan hannuna yana zafi inda ya taɓa karyewa, kuma ina jin daɗin zafin. Idan ta dawo nakan tambaye ta me aka koya, ta ce, "Abubuwa." Sati na biyu ta daina cin abinci sosai. Ƙanwarta ce ta faɗa wa uwarsu cewa yaran ajin suna kiranta Anti, kuma ranar da aka ba ta kwalba ta auna, sai ta zubar, aji ya yi dariya. Hannun da yake ɗaga bokiti biyu cike ba ya zubar da ɗigo. Na ce ta daure, farko ne. Na faɗa mata yadda ni ma na zauna a bencin yara ina da furfura. Ta ce, "Kai daga farko ka fara, Baba. Ni daga tsakiya suke, kuma farkon ya ɓace mini."

Ranar Laraba ta sati na huɗu na makara a kasuwa wurin neman taki. Na iso lambu rana ta karkata, ina sauri saboda latas. Tun daga shinge na ji ƙarar guga. Tana bakin rijiya, ta ɗaure zani a kan siket ɗin makaranta, jakar littattafan tana rataye a reshen gwanda. Ta riga ta shayar da fangali goma sha biyu.

Na ce, "Uwata, yau ba Laraba ba ce?"

Ta ce, "Laraba ce."

"Aje gugan nan ki tafi. Ko rabin darasin kya samu."

Ba ta aje ba. Ta juye a bokiti, ta sake jefa shi. Na matsa na kama igiyar, ita ma ta riƙe. Ba ta taɓa riƙe abu ina ja ba tun tana ƙarama. Ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Baba, na ce maka to sau uku. Wannan karon ka bar ni in ce a'a. Ba na gane komai a can. A nan ina ganewa."

Na san haruffa yanzu, na san duba agogo, na san sunan ƙasusuwan wuyan hannu da Turanci, amma duk ba su amfane ni a bakin rijiyar nan ba. Na saki igiyar.

Ta ce, "Tumatir na can gefe bai sha ba. Ka fara daga ƙasa, ƙasar can ta fi bushewa."

Na ɗauki bokiti biyu na nufi can.